Tela da Surukinsa a Dandalin Dutse

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da abokan tafiya biyu, muka bi ta Bunkure. Hanyar da kyau, sai dai inda ruwan damina ya ci gefenta. A Rano muka karya da waina da miyar taushe. Albasa ta yi araha bana, amma kuɗin babur zuwa Kibiya sai da na yi salati.

Abin da ya kai mu shi ne wani tsohon dandali a wani ƙauye kusa da Fammar, inda ake wasan kwaikwayo bayan kaka. Na daɗe ina jin labarinsa, ina son in ga yadda ake wasa ba lasifika, jama'a kuma su ji.

Wurin kwari ne da duwatsu suka kewaye. Mutane na zama a jikin dutsen hawa-hawa, ya yi sulɓi saboda zaman kakanni. Dattawa sun ce dandalin ya girmi ƙauyen. Wanda ya tsaya a tsakiya ko tari ya yi, na can sama zai ji. Ikon Allah.

Mai masaukinmu ya bayyana mana ƙa'idar wasan. Kowace shekara ana kwaikwayon wani babba na garin, a gabansa. In ya yi dariya, shi ke nan. In ya tashi ya tafi, an tashi wasa, mai kwaikwayon kuma ba zai sake taka dandalin ba. Bana Sarkin Noma aka zaɓa, dattijon da kullum yake duban sama ya ce ruwa na tafe. Wanda ya fi iya kwaikwayo kuwa wani tela ne, mijin 'yarsa. Mutumin da ko sunan surukinsa ba ya faɗa.

Bayan la'asar aka fara. Tela ya fito da malfa da sanda, ya kare ido da hannun dama, ya daɗe yana kallon sama fes, ya ce, "A kwashe shanya! Hadari ya haɗo!" Mata suka yi ta dariya, har da makiyayan da suka tsaya a saman dutse. Ni dai fuskar dattijon nake kallo. Ko gezau.

Sai ya miƙe. Tela ya sauke sanda, ya durƙusa. Dattijo ya sauko a hankali har tsakiyar fili.

"Kai mai ɗinki, shekara nawa kana cin tuwon gidana?"

"Da yawa, Baba."

"Amma ba ka san da hagu nake kare ido ba? Ba ni malfar nan."

Ya sa malfa, ya ɗaga hagu, ya shinshina iska, ya ce, "A kwashe shanya!" Dutsen ya ɗauki ihu. Ya mayar wa tela malfarsa, ya ce, "Sake. In za ka ci mutuncina, ka yi shi daidai."

Kafin magariba aka watse, muka yi salla a masallacin ƙauyen, washegari muka dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Na tafi neman sirrin dutse mai ɗaukar murya, na kuma gan shi. Amma abin da na koya shi ne, dandalin nan ya kai yau ne saboda manyan garin sun yarda a yi dariyarsu suna zaune.