Zabuwar Iya da Kunyar Ɗan Fari

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Kwanyawa wannan ba ƙaramar jarrabawa ba ce. Sunana Auwalu, amma ban taso na ji sunan nan a bakin mahaifina ba. Ƙanena Sani, sai Baba ya ɗora shi a wuya ya zaga gida da shi. Ƙanwata Rabi kuwa har kitsonta yake yabawa. Ni fa? "Kai." In abin ya yi tsanani ya ce, "Ku gaya wa yaron can ya sauko daga mangwaron nan." Wallahi yana ganina ina ganinsa, amma sai an yi aike.

Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Iya, mahaifiyar Baba, a can na girma. Manya suka ce kunyar ɗan fari ce, haka aka gada, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Ni ina ruwana da abin da aka gada? Abin da idona ya gani shi ne, mutumin da ba ya sa hannu a tuwo sai ya tambaya ko yara sun ci, wanda ko jakinsa ba ya duka, ni kaɗai ya tsana.

Bayan an cire gyaɗa, in an yi sallar isha'i, Iya takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta zube mana gyaɗa a tabarma. Dokarta ɗaya ce: ba ɓara, ba tatsuniya. Wanda ta kama yana kai wa baki fiye da ƙwarya, ya sha ranƙwashi. Baba kuwa yana can bayan zana yana tufka igiya, ba ya sa mana baki.

Wata shekara Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Rogo, ya ce yana son yaron da zai riƙe. Ban yi shawara da kowa ba na ƙulle 'yan kayana. Da muka zauna ɓara sai na ɗaga murya yadda za ta tsallake zana.

"Iya, gobe zan bi Kawu Rogo. Ai can dai za a san sunana."

Ta dube ni ta gefen ido. "Oho! Miji zai gudu ya bar mata? To zauna ka yi mini ɓarar bankwana, raggon miji, ko goro ba ka taɓa saya mini ba." Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya tare ta."

Muka ce, "Ta iso, ga tabarma."

Wai zabuwa ce ta yi ƙwanta na fari, aka ɗauka aka sa wa kaza, kamar yadda mu ma muke yi. Kaza ta ƙyanƙyashe, ɗan zabo ya taso cikin 'yan tsaki. Uwarsa ba ta taɓa zuwa kusa da shi ba. Kullum tana kan reshen tsamiya, da ya ɗan yi nisa sai ta fasa ihu. Abin ya ishe shi, ya kai ƙara wurin zakara. Iya ta maƙale murya: "Ranka ya daɗe, wannan mai bakin tsiya ta hana ni sakat. Ba ta ba ni tsaba, ba ta rufe ni da fiffike, sai ihu!" Zakara ya tara kaji, aka kori zabuwa. Gida ya yi tsit. Washegari ɗan zabo ya fita kiwo har tsakiyar gona, ba mai ce masa kanzil. Sai ga shaho.

Rabi ta ce, "Wayyo! Ya cinye shi?"

"Allah ya yi da sauran kwana. Gashin kansa dai ya fige tas, shi ya sa har gobe kan zabo sanƙo ne. Da ya dawo jina-jina, kaza ta ce masa, 'Kai wawa! Ni ƙasa nake dubawa ina tona maka. Ita sama take duba maka, ka sa aka kore ta.' Tatsuniya ta ƙare, ƙaryar da ke ciki ta bi hayaƙi."

Can sai muka ji Baba ya yi gyaran murya daga bayan zana.

"Iya, in yaron zai tafi, a ɗaure masa bargona. Ɗakin kawunsa ba shi da ƙyaure, shi kuma ba ya jure sanyi, ƙirjinsa yake kamawa."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe ya san ciwon ƙirjina. Ashe har ɗakin da zan kwana ya auna. Bargon nan kuwa shi ke nan gare shi. Na dunƙule a bayan Iya, na kasa ɗaga kai. Da safe na kwance ƙullin kayana, Kawu ya koma Rogo shi kaɗai, kuma ba wanda ya sake tayar da zancen.

Na daɗe ina zaton na gama gane tatsuniyar tun daren nan: mai tsawa ma mai ƙauna ne, shi ke nan. Sai da Iya ta daɗe da rasuwa, na yi iyali a Karaye, Baba ya tsufa ciwo ya kwantar da shi na ɗauko shi gidana, sannan na ga ragowarta. Iya ba ta taɓa gaya mana yadda zabuwar ta ji a kan reshen nan ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba. Kaina kawai nake tausayi, ban taɓa tunanin wanda yake son ya rungumi ɗansa al'ada ta riƙe masa hannu ba.

Wata rana da la'asar ina ba shi kunu, mu biyu ne a ɗakin. Ya kauda kofin, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Auwalu."

Allah shi ne shaidata, waiwayawa na yi wajen ƙofa in ga wa ya shigo. Da na gane ni ake kira, sai wata irin kunya ta rufe ni. Ga furfura a gemuna, amma na sunkuyar da kai ina wasa da cokali. Ya jira. Ya ƙara jira. Daga baya ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka," ya juya fuskarsa bango.

Bai ƙara mako a duniya ba. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Shi ya iya ajiye kunyarsa sau ɗaya saboda ni. Ni da na yi shekara da shekaru ina ƙorafin ba a kira ni ba, ranar da ya kira, "na'am" ta gagare ni.