Kunnen Tabawa Ungozoma

Tabawa ungozoma ba ta taɓa yi wa kowa barka ba sai ta ji kukan jariri da kunnenta. A unguwarsu, bayan babban masallacin Agadas, an san ta da hannu mai sa'a da kuma zargi. In ka kawo mata goro sai ta ɓare shi ta leƙa cikinsa. In aka ce an yi ruwa a Ingal, sai ta tambayi wa ya jiƙe. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani, amma zama da ita sai mai haƙuri.

Takan ce ɗa a ciki ba ya shaƙar iska, huhunsa cike yake da ruwa, uwa ke yi masa numfashi ta cibiya, kuma a duk jikinsa huhu ne ƙarshen nuna. Ɗan wata tara yakan faɗo ya tsala ihu, ƙirjinsa ya buɗe. Bakwaini kuwa sai nishi, fatar tsakanin haƙarƙarinsa tana lotsawa. Saboda haka da kunne kaɗai take faɗin watannin ciki, kuma tana alfahari da cewa ba macen da ta isa ta ɓoye mata wata guda.

A farkon mulkin Shugaba Diori, autanta Nomau ya shekara a Dirku yana lodin kamiyo, manyan motocin kaya, ya dawo gab da babbar salla. Ba a jima ba matarsa Balki ta fara amai, cikin kuma ya taso da wuri, ya yi girma. Tabawa ta kalle shi, ta lanƙwasa yatsu, lissafi bai yi mata ba. Sai ta tuna maƙerin azurfar da ya taɓa kawo wa Balki zobe har ƙofar gida sa'ad da Nomau ba ya nan. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma zuciyarta ta gama yanke hukunci: cikin nan ya girmi dawowar ɗanta.

A wata na bakwai da dawowar Nomau, Balki ta fara ciwon baya. Ta je gidan likita, inda aka kawo sabuwar ungozoma daga Yamai, Madam Salamatu. Balki ta dawo ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, Madam ta ce in kwanta, kada in daka, kada in ɗauki tulu. Wai huhun yaron bai nuna ba, a ba shi lokaci."

Maganar huhun nan ai ta Tabawa ce, ita ma haka za ta faɗa wa ɗiyar wani. Amma ranar abin da ta ji daban ne. Ta ga an haɗa baki ne da ƴar lakkwal, ƴar bokon nan ta gidan likita, don a ja kwanaki har lissafi ya daidaita.

"Ke, tashi," in ji ta. "Naƙuda ce, ni na san naƙuda. Kwanciya ba ta fitar da ɗa."

Ta zuba gero a turmi ta miƙa mata taɓarya, yadda ake yi wa wadda watanta ya cika don haihuwa ta zo da sauri. Don kunyar suruka Balki ta karɓa. Ta yi daka har azahar.

Washegari da hantsi haihuwa ta zo, Tabawa ta durƙusa a bayan Balki, ta kasa kunne tana jiran ihun da zai gaskata ta. Abin da ya faɗo bai cika tafukanta biyu ba. Girman cikin ashe ruwa ne. Yaron ya yi shiru. Ta share masa baki da yatsa, ta hura masa hanci, ta yayyafa masa ruwa, ta buga tasa kusa da kunnensa. Can sai ya yi nishi, siriri, ƙirjinsa ya lotsa ya taso, ya sake lotsawa.

Ta san wannan nishin sarai. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a ɗakin haihuwa. Ta naɗe jikanta da auduga, ta cusa shi cikin zanenta, tana roƙon Allah ya ba shi ihun nan, ko ma me zai nuna. Kafin la'asar nishin ya tsaya, yaro ya koma.

Balki tana kwance a kan tabarma, idonta a bushe.

"Inna, wata nawa kunnenki ya ji?"

"Bakwai."

Balki ta juya fuskarta ga bango.

Tabawa ta fito tsakar gida, inda matan unguwa suka taru, ta ɗaga murya kamar mai ba da shaida gaban alƙali: "Bakwaini ne. Na Nomau ne."

Matan suka dubi juna da mamaki. Duk unguwar ba wanda ya taɓa zaton wani abu daban, sai ita.