Hoton Mijin Inna Kulu

Na kusa shekara ashirin ina sana'ar hoto a Argungu, amma ranar da ta ƙi barin raina ita ce Alhamis ɗin da Inna Kulu ta zo karɓar hoton mijinta. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa. Ku da kuke koyon aikin nan a hannuna, gara ku ji labarin daga bakina.

Lokacin ina aiki a shagon wani Alhaji Bashar, kusa da kasuwa. Shi ne mai jari, ni ne babban mai ɗauka da gyara. A shekarar aka fara yayin wata manhajar waya mai wanke fuska. Ka ba ta hoton mutum, kafin ƙiftawar ido ta share ƙuraje da tabo, ta ƙara haske, ta miƙe hanci. Gari ya ɗauka. Amare, 'yan makaranta, har dattawa masu furfura, kowa sai ya ce a gyara shi. Akwai wani dillalin albasa da na buga wa kalanda, ya dawo mini da ita a fusace, wai na sa ya yi baƙi. Bawan Allah, ai da baƙinka ka shigo! Alhaji kuwa ya ga kasuwa ta buɗe, ya kafa doka cewa kada hoto ya fita shagon sai ya bi ta manhajar.

Ranar Litinin da hantsi Inna Kulu ta shigo. Tsohuwa ce daga Gulma, mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan hoton fasfo wanda ruwa ya ci gefensa. Mutumin baƙi ne siriri, idanunsa ƙanana, ga tsagar Kabawa jere a kumatunsa biyu, rana da sanyin gulbi duk sun nuna a fuskar.

"Ɗana, wanga shi kaɗai yar rage mani," ta ce. "Sauran dut ambaliya ta tahi da su. Jikokinai ba su san shi ba. So nika yi a ƙara mashi girma, a sa mashi gilashi, in rataye su riƙa ganinai."

Na ce, "Inna, ki dawo Alhamis, in Allah ya yarda."

Ga yadda ƙa'idar aikin take ga wanda bai sani ba. Idan aka kawo tsohon hoto, za ka fara kwafe shi da inji ka adana kwafin yadda yake. Gyara kuma a kan kwafi na biyu ake yi. Na asalin sai a sa shi a ambulan, a rubuta sunan mai shi, ranar karɓa a danƙa masa abinsa. To ranar an ɗauke wuta, ni kuma mota tana jirana zuwa Birnin Kebbi, inda zan ɗauki wani biki na kwana biyu a Gwadangaji. Sai na sa hoton a ambulan na jefa cikin durowa ban kwafe ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa yafe wa kaina ba.

Da na dawo Alhamis da safe, na tarar Alhaji ya riga ya yi aikin da kansa, har an sa gilashi an naɗe da takarda. Yana ta washe baki, wai in tsaya in ga abin mamaki. Ban samu na duba ba sai ga Inna da sandarta. Ta zauna a benci ta yi bisimilla, ta buɗe takardar a hankali.

Ni ma na leƙa. Wani mutum ne fari tas, kumatu sumul, babu tsaga ko ɗaya. An buɗe masa idanu, an cika masa fuska, kai ka ce bai taɓa fita rana ba. Hular ce kawai ta mijinta.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago. "Ɗana, kun yi kuskure. Hoton wani na kunka ba ni."

Alhaji ya yi dariya. "Shi na, Inna! Gyara mashi munka yi. Haka aka yayi yanzu. Dubi yadda yay yi kyau."

"Ina tsagatai?"

"Ai tsaga ta zama tsohon yayi. Wa ka son ta ga bango?"

Ta ajiye hoton a kan benci. "To, ku ba ni nawa in tahi."

Na ja durowa, babu ambulan. Na zazzage ta ƙasa, babu. Na tambayi Alhaji, ya ce shi dai ya ɗauke shi da waya a cikin manhajar, ya bar ɗan guntun a kan tebur. Manhajar kuwa abin da ta gyara kaɗai take ajiyewa. Teburin nan a kansa ake yanke gefen hotuna, kullum da yamma a share tarkacen a kai bola a ƙone. Na fita da gudu zuwa bayan shago, na tona tokar kwana biyu da hannuna. Ban samu komai ba.

Na dawo cikin shago. Ban taɓa ɗaga wa Alhaji murya ba sai ranar. Na ce, "Alhaji, amanar tsohuwa ta! Shi kaɗai gare ta duniya!"

Ya ce, "Malam Umaru, kak ka yi mani ihu cikin shagona bisa guntuwar takarda. Mun ba ta wanda yaf fi shi, kuma na yahe mata kuɗin."

Wallahi da ba don idon Inna ba, ban san abin da zan aikata ba. Na haɗiye, na roƙe ta ta zauna kusa da ni a gaban kwamfuta. Na rage hasken fuskar, na fara zana tsagar ɗaya bayan ɗaya, tana nuna mini da yatsa a kumatunta inda kowace ta bi. Mun fi awa guda a haka. Can ta dafa hannuna.

"Bari wahal da kanka, ɗana. Tsaga kana iya maida ta. Amma idanun ga ba su san ni ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zagi kowa ba. Ta ɗaure bakin zanenta da babu komai a ciki, ta ɗauki sandarta ta nufi tashar Gulma.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne washegari. Na zo aiki na tarar Alhaji ya rataye hoton a ƙofar shago don talla, wai kada gilashin ya tafi a banza. Kafin azahar mutum biyu sun tsaya suna yabawa. Ɗaya daga cikinsu magidanci ne, shi ma da tsagar Kabawa a fuskarsa. Ya nuna hoton ya ce mini, "Malam, akwai na babana gida. In na kawo, ka yi mashi irin wanga."

Na ɗauki jakar kyamarata na fita, ban sake komawa shagon ba.

Abin da na koya ke nan: a sana'ar nan za ku gyara fuska har ku gaji, domin mutanenmu sun kamu da son fuskar da ba tasu ba, kuma da ita muke cin abinci. Mai rai in ya ce a wanke shi, ku wanke shi, ruwansa. Amma hoton mamaci ku bar shi yadda Allah ya yi shi, don wanda ya kawo shi ba kyau yake nema ba, mutuminsa yake nema. Jikokin Inna Kulu suna can Gulma sun girma, kuma babu ɗayansu da zai taɓa sanin kamannin kakansa.