Wakilin Alhaji Ila a Ɗakin Gwaji

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Ila na Ketare ya so ya mai da ni sakarai ba. Lokacin ina mataimaki a ɗakin gwajin asibiti a Kankara, zamanin da kuɗin mai suka sa kowane dillalin hatsi ya sayi mota. Likitanmu Ba'indiye ne, ni nake yi masa tafinta.

Ƙa'idarmu ita ce, kafin a tura ma'aurata Zariya neman haihuwa, sai an auna jinin matar da fitsarinta, a kuma duba maniyyin mijin a madubin likita. Matar Alhaji, Hajiya Indo, ta yi nata duka, lafiya lau. Shekara tara ba ko ɓari, kuma Alhaji ya rantse in takarda ta wanke shi, gidansu za ta koma.

Na miƙa masa kwalbar da zai zuba nasa, na nuna masa ɗakin da zai shiga, na koma bakin aikina. Can na leƙa ta taga, sai ga Alhaji ƙarƙashin darbejiya yana ɓarar gyaɗa, ɗaki kuwa a kulle ta ciki. Ikon Allah! Da ƙofa ta buɗe, ƙanensa Sale ya fito yana sunkuyar da kai, kwalba a hannun riga. Sale mai 'ya'ya goma sha ɗaya!

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Malam, mi ne abin mamaki? Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Aurena ma wakili ya karɓa mani."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "To Alhaji, in cikin ya samu, sai a ce na Sale ne?"

Ya zazzaro ido, ya ce bai taɓa ganin mara kunya irina ba. Na ce in ba kwalbarsa ta kansa, ba takarda. Ya shiga dai, yana tsaki. Ƙwayoyin maniyyin da na gani a madubi ba su da yawa, kuma rabinsu kwance suke kamar leburori bayan azahar.

Likita ya zaunar da Alhaji da Hajiya, ya ce matsalar ta wajen maigida ce, kuma za a gwada magani. Na fassara a hankali, don na ji tausayinsa. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Malam, ban ji ba, sake faɗi." Na sake. Ta ce, "Kunnen nan nawa, ɗan ɗaga murya." Wallahi ta ji tun farko. Sau uku ta sa na faɗa, hawaye na zuba, tana dariya.

Ku yaran yanzu, ga abin da aikin nan ya koya mani: ku san mai kwalba kafin ku duba abin da ke ciki. Da ban leƙa tagar nan ba, da hannuna zan rubuta wa baiwar Allah nan takardar saki.