Filin da Na Ba Teku

Ni mutumin Tawa ne. Sai da na shekara talatin kafin na ga ruwan da ya fi ƙarfin bokiti, amma Allah da ikonsa a wani biro, wato ofis, a Lyon nake neman abincina, muna ba garuruwan bakin teku shawarar yadda za su tsare gaɓarsu. Matata takan ce ko a bahon wanka ina neman mai ceto.

Wata shekara aka ba mu aikin wani ƙauyen masunta a kudancin Kamaru, teku na cin sa. Na zana masu hanya biyu. Ko katangar siminti, wadda za ta tura ruwa wajen da mata ke bandar kifi, ko a dasa itatuwan nan masu saiwa cikin ruwan gishiri, kifi ya samu wurin ƙwai, a bar wa teku wani fili a gabas. A hoton tauraron ɗan Adam filin fetal yake. Na shafa masa shuɗi, na tafi cin abincin rana.

Ƴan ƙauyen da ke Paris su ma da bakinsu a zaɓen. Wata Lahadi na hau jirgin ƙasa, na same su bayan la'asar a ɗakin taron wani fuwaye, gidan kwanan ma'aikata baƙi, a Montreuil, gefen Paris. Na shimfiɗa taswira, na ce kifin da za su samu in an dasa itatuwan, kowane ɗaya sai an ɗauko shi da kamiyo biyu, manyan motocin kaya. Aka yi dariya.

Wani dattijo mai gadin sito, asalinsu Garwa amma a ƙauyen aka haife shi, ya ɗora yatsa kan shuɗin.

"Malam, nan fa?"

"Fili ne, Alhaji. Ba kowa."

"Ƙanena, kai ba Musulmi ba ne? A Tawa benaye kuke ginawa kan mamatanku?"

Maƙabartarsu ce. Tudun ƙasa da guntun icce, daga sama me za a gani? Abokan aikina Turawa suna da uzuri, dutse da rubutu suka sani. Ni da na binne ubana da hannuna ba ni da shi.

"Innata tana nan," in ji shi. "In an yi katangar, za ta tsira?"

Na ce za ta tsira, amma wurin banda zai tafi. Ƙannensa mata biyu da bandar suke ci da ƴaƴansu, shi ya faɗa da bakinsa. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce a dasa itatuwan, zai je da kansa ya tashi innarsa ya sake mata kabari, malamai sun halatta in ruwa ya matso.

Hutun aiki bai samu ba sai bayan damina. Ya sayi farin yadi a unguwar Belleville ya tafi ƙauyen. Da ya dawo ya kira ni a tarho, gaisuwa a gajarce. Shi da mutanen gari sun kwashe mamatan layin baya duka. Ita tana layin gaba, ruwa ya riga su.

Ya ce yadin ya ba limamin garin, ba a rasa mai bukata.