Kalla Mai Buga Riguna da Yajin Ɗalibai

Kalla yana da shago a Bracodi, cikin unguwar Adjamé ta birnin Abidjan, inda yake buga rubutu a jikin riguna da kyallayen talla. A Abidjan aka haife shi, mahaifinsa ya zo daga Maraɗi da fataucin albasa. Shi ne na farko a gidansu da ya shiga jami'a, karatun lauya, amma bai gama ba.

A zamaninsu ɗalibai sun shiga yajin karatu saboda cunkoson ɗakunan kwana. Ana cikin haka wani mutum mai baƙar mota ya fara zuwa da burodi da kwalayen riguna. Ba malami ba ne, ba ɗalibi ba, kowa dai Tonton, wato Kawu, yake ce masa. Sannu a hankali aka bar maganar gadaje, aka koma ihun sai wani babban jami'i ya sauka. Ranar da 'yan sanda suka shigo, Kalla ya diro daga bene ya karye a ƙugu. Yana kwance aka sauke jami'in, Tonton ya ɓace, shugabannin ɗaliban suka samu ofisoshi masu sanyi. Shi kuwa har yau da ɗingishi yake hawa gbaka, ƙaramar bas ɗin haya.

Bara 'yarsa Zaituna, mai karatun haɗa magunguna, ta shigo shagon da wani matashi cikin kwat. Ta ce sunansa Lukumanu, yana aiki da wata ƙungiya mai ofis a Treichville, kusa da tashar motar Gare de Bassam, wadda ake turo wa tallafi daga ƙasar waje. Ɗalibai za su fita saboda famfunan ɗakunansu sun ƙafe, kuma ƙungiyar za ta biya riguna.

Kalla ya karanta abin da ake so a buga. Sunan ƙungiyar ne da manyan baƙaƙe, sai wasu kalmomi kan sauyi da makomar matasa.

"Ina maganar ruwan?" ya tambaya.

Lukumanu ya yi murmushi. "Baba, masu taimaka mana sun fi gane babban saƙo."

"To su zo su sa rigar da kansu. Ba zan buga ba."

Bayan fitar baƙon Zaituna ta juyo, idonta ya yi ja. "Baba, kun kunyata ni. Mun rubuta koke, mun je ofis, ba wanda ya dube mu. Wa zai ba mu mota da lasifika? Ku za ku ba mu?"

Kalla ya juya ya koma kan aikinsa. Abin da ya fi ci masa rai ke nan: yarinyar ba ƙarya ta faɗa ba.

Maƙwabcinsa ne ya karɓi aikin. Kalla yana zaune yana kallon rigunan suna shanye a igiya, ya kasa ko shan shayinsa.

An yi zanga-zangar, an ɗauki hotuna masu kyau. Aka rufe sashen su Zaituna, jarrabawa ta wuce su. Ba a jima ba aka gayyaci Lukumanu taro a Turai, ƙungiyar kuma ta koma wani aikin daban. Da Zaituna ta je ofishin ƙungiyar don neman lauya ga wata ƙawarta da aka tsare ranar zanga-zangar, sai mai gadi ya ce ta dawo wani makon. Iyayen yarinyar ne suka yi ta zirga-zirga har aka sake ta.

Yanzu Zaituna tana maimaita shekara, da yamma tana taya mahaifinta a shago. Bai taɓa ce mata ai na faɗa miki ba, ita ma ba ta ba shi gaskiya ba. Kwanan baya tana guga ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "In aka sake kira, zan fita."

"Wa zai biya wannan karon?"

"Ban sani ba, Baba. Amma har yanzu da bokiti muke hawa bene."

Kalla ya ja tsaki, ya fita ya zauna a bakin titi.