Ƙofar Gonar Emrys Gittins

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Emrys Gittins, makiyayin tumaki na tudun Gwernol, yana da shekara tamanin da huɗu a duniya. 'Yarsa Nesta ce ta buga mini waya, ina kan rufin wani gida muna aiki. Na sauko, na sallami ma'aikatana, na shiga mota na daɗe ban tayar da ita ba. Mai rai ya karɓi abinsa, wannan ba ni da ja a kai. Abin da ya tsaya mini a wuya dabam ne, kuma zan faɗe shi a nan, wanda zai ji haushi ya ji.

Baba Emrys, ba ka taɓa shiga kwalekwale ba. Ko iyo ba ka iya ba. Amma duk wanda ya taɓa gangara kogin Gwernol a 'yan kwalekwalenmu masu cin mutum ɗaya, ta ƙofarka ya bi. Daga gada har gindin tudu bakin kogin gonakin mutane ne, kowa ya ja waya ya kafa allon hani. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, taka.

Ina saurayi muka haɗu. Na ƙera kwalekwale da hannuna a rumfar bayan gidanmu, babu wanda ya koya mini, na jawo shi ina rarrafe ta ƙarƙashin wayarka. Ina ɗaga kai sai ga ka tsaye, karenka a gefe.

Ka ce, "Kai, ɗan wane ne kai?"

Na ce, "Idwal ne, Baba, ɗan Maddox mai fasa dutse."

Ka dubi kwalekwalen, ka dubi ruwan yana ta haukansa, ka ce, "To ɗan Maddox, in mutuwa kake nema, bi ta ƙofa kamar mutum. Kada ka ɓata mini waya tumakina su bi sawunka."

Tun daga ranar ƙofar ba ta sake ganin kwaɗo ba. Kogin namu na ruwan sama ne, yau ya cika yana ruri, jibi ka tsallake shi da takalmi. Kai ke ganinsa daga tagar kicin, saboda haka kai ne mai yi mana bushara. Waya za ta yi ƙara, ko gaisuwa babu: "Idwal, ya cika. Tara mahaukatanka kafin ya janye." In mun fito jiƙe sharkaf muna karkarwa, matarka marigayiya Inna Menna ta riga ta ɗora shayi, ta yanka burodinta mai zabibi, tana ta faɗa wai mun ɓata mata daɓe, tana kuma ƙara mana.

Ka sha wuya a kanmu. Masu kamun kifi sun yi ta sintiri gidanka, wai muna korar musu kifi. Maƙwabcinka ya yi shekaru yana ɗauke kai in kun haɗu a coci. Amsarka ba ta canzawa: ruwa daga sama ya sauko, ba ka ga sunan kowa a jikinsa ba. Na kuma tuna ranar da ruwa ya matse Rhodri tsakanin duwatsu biyu, igiyarmu ta kasa. Rhodri ke nan da yake shugaban ƙungiyarmu ta masu kwalekwale a yau. Kai ka gangaro da tarakta har bakin gaɓa, da sanyin nan mai shiga ƙashi, muka ɗaura aka ja. Ya kwana gidanka a gaban murhu, sanye da wandonka da ya tsaya masa a ƙwauri, kana ta yi masa tsiya wai ka tsamo raguna da yawa daga kogin nan amma ba ka taɓa tsamo wanda ya kai shi kuka ba.

Yanzu ga abin da ya faru ranar jana'izarka, tunda kai kaɗai ne ba ka gani ba.

Bana an yi fari, tun bazara kogin duwatsu ne kawai. Aka sa ranar binne ka Asabar, na sanar da ƙungiya da bakina, kowa ya ce zai zo. Ranar Jumma'a sama ta ɓalle da ruwa. Gari ya waye kogin ya cika irin cikar da aka daɗe ba a gani ba. Sun zo kuwa, Baba. Sun zo da sassafe da kwalekwale a saman motoci, suka jera motocin a siririyar hanyar gidanka, wadda mota ɗaya ke bi da ƙyar, suka buɗe ƙofarka suka faɗa ruwa. Lissafinsu wai za su gangara sau ɗaya su dawo kafin a fara addu'a. Duk wanda ya san ruwa ya san babu mai yin sau ɗaya.

Da motar gawa ta iso, babu hanya. Direban ya yi ta danna oda, masu motoci suna can cikin kwari da makullansu a wuya. Fasto yana tsaye a ƙofar gida, ruwa na zuba a kan littafinsa. Ƙarshe dai a kafaɗa aka ɗauke ka. Ni na kama gefe ɗaya, ɗayan gefen maƙwabcin nan naka ne da ba ya gaishe ka saboda mu, tsoho da ciwon gwiwa. Muka bi ta cikin taɓo muna raɓa akwatinka da jikin motocin. Daga ƙasa kuma ihun murnarsu na tasowa, muna ji sarai. Tsohon nan ko kallona bai yi ba. Da ma ya zage ni.

Sun iso maƙabarta an riga an rufe ƙasa, gashinsu na ɗiga. Rhodri ya matso kusa da ni yana magana ƙasa-ƙasa: "Haba Idwal, sassauta fuskar nan. Ai da Baba na nan shi zai ce mu shiga. Mun yi masa tamu jana'izar a ruwa."

Na ce, "Taku ta yi kyau ko? An samu kumfa?"

Ya ce, "Kai dai ba ka da dama."

Na ce, "Matsa mini, kana jiƙa mini takalmi."

Washegari Nesta ta sa sarƙa da kwaɗo a ƙofar. 'Yan ƙungiya suka dame ni da waya, wai ni ne mai fuska a gidan, in je in ba ta haƙuri kafin ruwan bana ya wuce. Kafin ruwa ya wuce! Ko a bakin roƙonsu kogin ne a gaba. Na je, amma gyaran rufin rumfar tumaki ya kai ni, don na lura yana yoyo. Da na gama ta kawo mini shayi, ta ajiye makullin kwaɗon kusa da kofin.

Ta ce, "Kawu Idwal, wannan naka ne. Kai kaɗai."

Na daɗe ina kallonsa. Rabin rayuwata a kogin nan take, kuma kafaɗata ba ta da sauran shekaru da yawa na tuƙi. Amma ba a shiga Gwernol mutum ɗaya, sai da masu riƙe maka igiya a gaɓa. Na duba cikin raina ko akwai wanda zan sake miƙa wa igiyata a cikinsu, ban samu ba. Na tura mata makullin na ce ta adana abinta. Ba ta matsa ba.

To Baba, ƙofar da maƙwabta da masu kifi suka kasa rufewa kana raye, mu muka rufe ta da hannunmu tun ba a binne ka ba. Ka yafe mana in ana yafiya a can, ni dai ban kai nan ba tukuna.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutawa kusa da Inna Menna, ya buɗe maka ƙofar rahamarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Nesta da mijinta da 'ya'yansu, da dukan mutanen tudun Gwernol, musamman waɗanda suka sa kafaɗa ranar nan. Allah ya ba ku haƙurin rashi, da haƙurin abin da aka ɗora muku a kan rashin. Amin.

Idwal Maddox